Kwana biyu a gidan saukar baƙi na wata dattijuwa a tsibirin Inis Mór

Mu uku muka yi tafiyar: ni, da ƙanena da yake aikin likita a ƙasar Ayilan shekara shida ke nan, da autarmu. Tun da aka watse daga sadakar arba'in ta Ummanmu ba mu sake zama mu uku a ɗaki guda ba. Umma ta yi karatu a St. Louis ta Kano, makarantar sistocin nan 'yan Ayilan da suka iso Kano a 1948, kuma har ta tsufa ba ta daina ba mu labarin wata malamarta ba, wadda take ce musu a ƙasarsu ruwan sama ba ya jiran damina. Don haka da Likita ya ce mu zo hutu a watan Yuni, sharaɗi ɗaya na kafa masa. Na ce ba kantuna na zo gani ba, ina so ya kai mu inda mutanen ƙasar suke zaune a gidajensu, mu ci abin da suke ci, mu ji harshensu da kunnenmu.

Daren farko a Dublin ya kai mu wani wurin da ake shirya wa baƙi abinci da rawar gargajiya a dunƙule. Masu rawar sun iya, ba zan rage musu komai ba, amma an jera mu ne a dogayen tebura tare da baƙi daga Amurka da Jamus, aka yi wasan, aka tafa, aka buɗe ƙofa don wasu su shigo. Babu wanda muka yi magana da shi sai mai karɓar kuɗi. Da muka fito na ce masa, "Likita, wannan ai da talabijin ma mun gani." Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri zuwa jibi."

Wata ma'aikaciyar jinya da suke aiki tare, 'yar yankin Connemara da ke yammacin ƙasar, ita ta haɗa shi da 'yar uwar mahaifiyarta mai karɓar baƙi a Inis Mór. Gidanta ne na zama, ɗakuna huɗu ta ware, shi ya sa ba zan faɗi sunanta ba. Irin waɗannan gidaje masu ba da makwanci da karin kumallo suna nan da dama a tsibirin, kuma abin da zan faɗa zai taimaki duk wanda zai zaɓi ɗaya.

Zuwa wurin yana cin yini. Daga tashar Heuston ta Dublin jirgin ƙasa ya kai mu Galway cikin kamar awa biyu da rabi, daga nan bas ta ɗauke mu kusan awa guda zuwa tashar jiragen ruwa ta Ros a' Mhíl, sai fito na minti arba'in. Tsibiran Aran uku ne a bakin mashigin tekun Galway, Inis Mór shi ne babbansu, sai Inis Meáin da Inis Oírr. Teku ta ɗan yi fushi ranar, Auta ta sha jiri da tashin zuciya tun kafin mu yi rabi. Wanda ya san ruwa yana juya shi ya sha magani kafin ya hau, kuma ya zauna ta baya.

Dattijuwar tana tsaye a bakin ƙofa da muka iso. Likita ya riga ya gaya mana cewa a can da sunan yanka ake kiran kowa, har tsofaffi, amma bakina ya ƙi. Na ce mata Mama, ta yi dariya ta ce ta karɓa. Sai ta gaya mana cewa a harshensu ana ce wa irinta bean an tí, wato matar gida, kusan uwargida tamu ke nan. Kafin mu ajiye jaka an ɗora butar shayi. Shayinsu baƙi ne ƙirin mai kauri, a zuba madara, kuma idan ka ce ka ƙoshi ba a yarda a karon farko, sai an sake tayi sau biyu ko uku. Nan take na ji kamar na shiga gidan wata gwaggo a Fagge.

Yuro 130 muka biya wa ɗakin da ni da Auta muka kwana a kowane dare, na Likita yuro 90, har da karin kumallo. Idan aka juya shi zuwa naira kuɗi ne mai nauyi, kuma ɗakin kansa bai kai kuɗin ba. Tsaf yake, zannuwan gado suna ƙamshin iskar waje inda aka shanya su, bargon yana da kauri, tagar tana kallon teku. Amma ƙarami ne, sai da muka matsar da kujera kafin sallaya ta shimfiɗu. Matakalar bene tana da tsayi da ƙunci, mai ciwon gwiwa ya nemi ɗakin ƙasa tun wajen kama ɗaki. Ruwan zafi kuma da lokacinsa: sai ta kunna hita ya ɗumama, kuma wanda ya yi wanka na uku ruwan sanyi yake tararwa. Ga mu masu alwala sau biyar a wurin da iska take shiga ƙashi ko a watan Yuni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Intanet ɗin gidan ba ya hawa sama, sai an sauko falo. Ba ta karɓar kati, tsabar kuɗi take so. Buta kuma ku taho da taku.

Kuskure mafi girma a safiyar farko ya faru. Likita ya rubuta mata tun makonni kafin mu zo cewa ba ma cin naman alade, ta kuma amsa. Amma yarinyar da take taya ta aiki a lokacin baƙi ba ta sami saƙon ba, sai ga faranti uku cike da cikakken karin kumallonsu: ƙwai, tumatir, wake, soyayyen naman alade, da wani baƙin tsiran da ake haɗawa da jini. Raina ya ɓaci, domin abu ne da muka yi magana a kansa. Mama ta fito daga kicin fuskarta ta yi ja, ta kwashe farantan da hannunta, ta ba da haƙuri ba tare da ta ɗora wa yarinyar laifi a gabanmu ba. Abin da ya sauko da ni shi ne ba ta tsame naman ta dawo mana da sauran ba. Ta ɗauko wata tukunyar suya daban, ta wanke ta muna gani, ta soya mana sabon ƙwai da man shanu, ta tambaye ni ko akwai wani abin da ya kamata ta sani. Duk da haka shawarata ita ce a maimaita maganar abinci baki da baki a daren da aka sauka, kada a dogara da saƙon waya.

Daga nan abincin bai sake ba mu matsala ba, har ma shi ne abin da na fi tunawa. Kowace safiya akwai kunun hatsinsu mai kauri da zuma, da burodin da take gasawa da kanta, wanda ba a sa masa yis. Gari ne na alkama da ba a cire dusarsa ba, da gishiri, da tsala, da 'yar hodar soda mai aiki irin na kanwa. Tsamin tsalar ne yake haɗuwa da sodar ya tayar da ƙullin, shi ya sa ba a jira ya kumbura, ana kwaɓawa ana sawa a wuta. Tana tsaga samansa gida huɗu da wuƙa don cikin ya gasu. Da dare ba ta saba dafa wa baƙi ba, amma da muka roƙa ta yi mana a kan yuro 25 kowane mutum. Kifi ta kawo wanda wani maƙwabcinta ya kamo da yammar, da dankalin turawa dafaffe da ɓawonsa, da kabeji. Auta ta ɗanɗana ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wannan ai sukumbiya ne." Shi ne kuwa. Kifin da muke saya a daskare a kasuwa, Ayilan tana cikin ƙasashen da suke aiko mana da shi, yawanci daga tashar Killybegs da ke arewa maso yammacin ƙasar. Ban taɓa cin sa ranar da aka kama shi ba sai a teburin nan, kuma bambancin ya kai a yi tafiya dominsa. Yaji ne kawai babu. Auta ta zo da ɗan ƙullin yajin ƙuli a jaka, Mama ta lasa, ta sha ruwa kofi guda, sannan ta ce a bar mata ragowar.

Da rana jiragen ruwa suna sauke ɗaruruwan baƙi a Cill Rónáin, babban ƙauyen tsibirin, su hau kekunan haya, su zaga, su koma da yamma. Mutanen da suke zaune a tsibirin ba su fi ɗari takwas da 'yan kai ba. Da jirgin ƙarshe ya tashi sai wurin ya koma na masu shi, kuma a lokacin ne za ka ji cewa da harshen Gaeilge suke magana a tsakaninsu, Turanci na baƙo ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa zuwa a dawo rana ɗaya asarar kuɗi ne. Kundin tsarin mulkin Ayilan na 1937 ya sa Gaeilge a matsayin harshen ƙasa na farko, ana koyar da shi a makarantu, amma a ƙidayar 2022 masu magana da shi kullum a wajen makaranta kusan 72,000 ne kawai, a ƙasa mai mutum sama da miliyan biyar. Na yi ta juya wannan lissafi a raina, ina tuna 'ya'yan Likita da ake yi musu Hausa suna amsawa da Turanci.

Mama ta koya mana gaisuwa a teburin kicin. Dia duit, ma'anarsa Allah ya kasance tare da kai. Idan za su ce za a yi abu gobe sai su ƙara le cúnamh Dé, da taimakon Allah. Idan an tambayi lafiyarsu su ce buíochas le Dia, godiya ta tabbata ga Allah. Na ce mata ai mu ma haka muke, ba ma rufe magana sai da in sha Allahu da alhamdu lillahi. Ta sa na maimaita mata su har ta iya.

Ita ce ta haɗa mu da mai keken doki, wani dattijo da ya gaji sana'ar, kuma yuro 30 da kowannenmu ya ba shi su ne kuɗin da na fi jin daɗin kashewa a duk tafiyar. Akwai ƙananan bas-bas masu zagayawa da sauri, sun fi araha, amma a bayan doki ana tafiya a hankali har a yi tambaya. Tsibirin falalen dutse ne, tsawonsa bai wuce kilomita goma sha huɗu ba, kuma ko'ina ka duba katangu ne na duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, sun yanka ƙasar zuwa 'yan ƙananan gonaki. Na tambaye shi me ya sa ake barin ɓuli a jikin katangar. Ya ce don iska ta wuce ta ciki, da an toshe da ta tura ta ƙasa. Wasu gonakin ba su da ƙofa: idan za a shigar da saniya sai a sauke duwatsun wani gefe, ta shiga, a mayar da su. Ƙasar noman ma ba samunta suka yi ba, yin ta suka yi. Kakanninsu sun riƙa ɗauko yashi da ciyawar teku a kwando, suna shimfiɗawa a kan dutse, shekara bayan shekara, har ta isa a dasa dankali. Dutsen ba ya riƙe ruwa, don haka a gonaki za ka ga an gina wani falale a karkace yana tara ruwan sama yana zubawa a kwamin shanu. Itace babu, kuma irin ƙasar fadamar da ake yankowa a busar a yi makamashi da ita sai an kawo ta a jirgin ruwa daga Connemara. Idan ta yanke, in ji shi, busasshen kashin shanu suke ƙonawa. Likita ya juyo ya dube ni, domin mun ga kakarmu tana yin haka a ƙauye. Wutar lantarki ma sai a shekarun 1970 ta iso musu.

Ya ajiye mu a gindin Dún Aonghasa, tsohuwar ganuwar dutse da aka fara ginawa wajen shekara 1100 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ana hawa da ƙafa kamar kilomita guda a kan duwatsu masu santsi, takalmi mai tsini ko silifas ba za su yi ba. A sama ganuwar ta yi rabin da'ira, ɗaya rabin kuma babu komai sai gaɓar dutse da ta sauka tsaye kusan mita ɗari zuwa Tekun Atlantika, ba shinge ba ƙarfe. Masu son leƙawa kwanciya suke yi rub da ciki su ja jiki. Na riƙe gyalen Auta ban sake ba har muka juyo. Mai ƙananan yara ya riƙe hannunsu tun daga ƙasa.

Rigunan sanyin Aran na ulu sun yi suna a duniya, kuma ana yawan cewa kowane gida yana da nasa zanen saƙa don a gane gawar masunci idan teku ta dawo da shi. Na tambayi Mama, ta girgiza kai ta ce labari ne mai daɗi da ya taimaki ciniki, mata dai suna koyon zane a wurin juna kamar yadda ake yi ko'ina. Ta nuna mana yadda ake bambanta saƙar hannu da ta inji ta hanyar juya rigar a duba cikinta, ta kuma ce mu karanta takardar wuya, don ba duk wadda ake sayarwa a tsibirin ba ce aka saƙa a can. Ta hannu tana da tsada ƙwarai. Hula kawai na iya saya.

Kiɗan gargajiya kuwa a mashaya ake yin sa, wannan gaskiya ce da ya kamata Musulmi ya sani kafin ya tafi. Mun yi shawara a tsakaninmu, muka leƙa da wuri muka sha shayi a gefe, aka ce sai wajen ƙarfe goma za a fara. A watan Yuni lokacin ne rana take faɗuwa, magariba ke nan, sai muka koma gida. Da Mama ta ji, washegari da yamma ta aika aka kira jikan maƙwabciyarta da ƙanwarsa. Yaron ya zo da goge irin nasu, yarinyar da wata ganga mai fuska ɗaya ta fatar akuya da suke kira bodhrán, kamanninta ɗaya da bandiri sai dai da ɗan guntun sanda ake kaɗa ta. Suka yi mana kusan rabin awa a kicin. Bayan sun gama Mama da kanta ta rufe ido ta rera wata tsohuwar waƙa ba kiɗa, irin salon da suke kira sean-nós, murya tana lanƙwasa a kan kalma ɗaya kafin ta sauka. Ba mu ji ko kalma ba, amma Auta tana ta share hawaye. Ba ta sa wannan a lissafin kuɗi ba, kuma da Likita ya miƙa wa yaran wani abu sai da aka yi ta ja kafin su karɓa. Kada wanda ya karanta wannan ya je yana tsammanin haka a matsayin haƙƙinsa, alheri ne ta yi mana.

A daren ne maganar Umma ta taso. Rediyon kicin kullum yana kan Raidió na Gaeltachta, tashar harshensu da aka buɗe a 1972, kuma na lura idan an zo wani wuri Mama tana ɗaga hannu a yi shiru. Na tambaya, ta ce sanarwar rasuwa ake karantawa, dole ta ji ko akwai gidan da za ta je. Sai na ba ta labarin yadda Umma take ƙara muryar rediyo a daidai irin wannan lokaci, da yadda muka rasa ta, da malamarta 'yar Ayilan. Ta ajiye tawul ɗin hannunta ta zauna. Ta gaya mana yadda suke zaman makoki a gida, maƙwabta suna shigowa da abinci, ana kwana ana shan shayi ana tuna mamaci, da addu'ar da suke taruwa su yi idan an cika wata guda. Muka gaya mata namu na uku da bakwai da arba'in. Ta kama hannuna ta faɗi abin da suke faɗa wa mace idan ta rasu, ar dheis Dé go raibh a hanam, wato Allah ya sa ranta a damansa. Na ce mata mu kuma cewa muke Allah ya jiƙanta da rahama. Mun kai sha biyun dare a teburin nan mu huɗu, kuma a nan ne na ji Likita ya yi maganar Umma da bakinsa karo na farko tun rasuwarta, domin bai samu jana'izar ba.

Ga mai niyya daga gida, Ayilan ba ta cikin tsarin bizar Schengen ta bai-ɗaya da yawancin ƙasashen Turai suke amfani da ita, kuma bizar Ingila ba ta shigar da ɗan Najeriya, tata ake nema daban, ofishin jakadancinsu yana Abuja. A kama ɗaki da wuri idan lokacin zafinsu ne, a taho da rigar ruwa maimakon lema don iska tana karya ta, kuma kada a sa ranar barin tsibirin ta zama ranar tashin jirgin sama, saboda idan teku ta ɓaci ana iya soke fito.

Idan ɗaki da ruwan wanka kawai zan auna, gidan matsakaici ne kuma kuɗinsa ya ɗan yi yawa. Idan na haɗa da teburin kicin ɗin, zan sake biya ba tare da na nemi ragi ba, sai dai in nemi ɗakin ƙasa, in kuma yi kwana uku, don Mama ta ce a Inis Meáin baƙi sun fi ƙaranci kuma harshen ya fi ƙarfi, ga shi ba mu samu mun taka ba. Da za mu tafi ta naɗe mana burodi guda a tsumma mai tsabta, ta rubuta wa Auta ma'aunin garin da na tsalar a bayan rasit. Auta ta gwada shi a Kano da tsalar da take saya wurin wata Bafulatana. Na farko ya yi tauri don ta cuɗa ƙullin da yawa, na biyu ya fito daidai, ta ɗauki hotonsa Likita ya tura wa Mama.